Dokin Ƙofar Gwaggo Clara

Samaru, Zariya
Talata, 10 ga Yuni, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Baba Mordecai,

Ina rubuta wannan a kan bencin mai shayi na bakin layinmu, domin babu wuta tun safe kuma ɗakina ya yi zafi. Dele direba ya ce ƙarfe shida zai tashi daga unguwar PZ zuwa Ibadan, don haka ka yi haƙuri da rubutun.

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, da aiki, da kunnen da aka ce yana damunka. Babana yana Zonkwa, ciwon bayansa da sauƙi. Wataƙila ba za ka tuna ni ba. Ni ce Jemimah 'yar Yohanna, jikar ƙanen mahaifinku. Rabon da ka gan ni tun jana'izar kaka, ina 'yar shekara tara. Na kira ka a waya sau biyu, kana ta cewa "wa ke nan?" har katina ya ƙare. Yayarka, Gwaggo Clara, ta ce injinan masana'antar Chikaji sun cinye maka kunne kafin ka tafi Ibadan, sai dai takarda, kuma Dele ne mai kai muku.

Na gama jami'a bara, fannin tsara birane. Tun watan Maris nake aikin wucin gadi da kwamitin da ƙaramar hukuma ta kafa don shirin sauyin yanayi. Sunan ya fi aikin girma. Mu huɗu ne, da tef ɗin awo ɗaya, da babur ɗin Malam Bernard, sakataren kwamitin. An ce mu bi unguwa-unguwa mu gano inda ruwa ke kwanciya, saboda damina ta canza hali: ruwan da ya saba sauka cikin mako yanzu yana iya sauka cikin yini ɗaya.

Ranar Alhamis muka je layinku a Chikaji. Ga abin da na auna, ban ƙara ba, ban rage ba. Lambatun layin ya cike da yashi da leda, har ciyawa ta tsiro a kai. Kowane gida yana zuba jar ƙasa a ƙofarsa shekara bisa shekara, titin ya tashi sama. Dokin ƙofar da ka sa aka gina wa Gwaggo, bulo layi biyu, tsayinsa ta waje santimita ashirin da huɗu ne. Ta ciki hamsin da takwas, domin tsakar gidan tana nan inda mahaifinku ya bar ta. Alamar ruwan bara tana jikin bangon waje, saura yatsa biyu ta haye dokin. Rariyar baya, wadda ruwan tsakar gida ke bi ya fita, ta toshe tun da maƙwabcinku Iyke mai walda ya cike filinsa da ƙasa ya kafa rumfa.

Wani masani da aka ɗauko daga Kaduna ya zo tare da mu. Ya tsaya a titi ya ɗauki hoton ƙofar. Ya ce irin wannan ce dabarar da jama'a suka ƙirƙiro da kansu, za a sa hoton a bangon littafin shirin. Bai shiga ciki ba.

Ni na shiga. Gwaggo tana zaune daga ciki a kan kujera, ta jera ƙullin gyaɗa a kan dokin, masu wucewa suna saye. Ta ce in gaya maka ka gina mata kantar shago. Gwiwoyinta sun kumbura, amma bakinta lafiya ƙalau.

Roƙona ɗaya ne. In ka yarda, ina so ta zo wurina a Samaru ta yi watan Agusta. Ɗaki ɗaya ne, amma a kan tudu yake. Na yi mata maganar, ta ce gidan na Mordecai ne, sai abin da ya ce.

'Yarka,
Jemimah

Ibadan
Lahadi, 22 ga Yuni

'Yata Jemimah,

Alherin Ubangiji ya tabbata gare ki. Takardarki ta iso da warin albasa, don a cikin buhuna Dele ya cusa ta. Na tuna ki sarai. Ke ce kika miƙe a wurin jana'iza kika gyara wa fasto shekarun kaka a gaban jama'a. Ashe ba ki daina ba.

Ina lafiya. Kunnen dama ya tafi, na hagu yana sallama. Aiki a kamfanin abincin kaji yana nan, injin niƙa ba ya neman mai ji. Ki gai da Yohanna, ki ce ya rage noma.

Zancen hoton nan ya wanke mini rai. Na fassara wa mai gidan da nake haya, ya ce ashe injiniya ya ba ɗaki bai sani ba.

Ke ba ki san shekarar da ruwa ya shiga gidan nan ba. Na iske Yaya tsaye a kan gado, akwatin mahaifiyarmu yana yawo a ɗaki, Littafi Mai Tsarki na Baba ya kumbura kamar burodi. A ranar na yi alkawari ruwan titi ba zai sake taka gidan nan ba ina raye. Layin farko da hannuna na sa kafin in taho nan. Na biyu Celestine magini ya sa, lokacin da maƙwabta suka ɗaga nasu. Haka layinmu yake: in maƙwabcinka ya ɗaga kai ba ka ɗaga ba, ruwansa ya zama naka.

Kin ce saura yatsa biyu. Na gode da kika auna, amfanin karatu ke nan. Na sa Dele ya kira Celestine, ni ina magana shi yana ji mini amsa. Zai ƙara layi ɗaya, ya yi fulasta, ya shafa fenti, kada hoton gwamnati ya ba mu kunya.

Zancen Samaru ki bar shi. Mace mai shekara saba'in da huɗu, da gidan ubanta, ba za a kai ta ɗakin ɗalibai ta riƙa bin layin banɗaki da 'yan mata masu wando ba. Mutanen coci za su ce ƙanenta ya kasa. Nesa nake, amma ban mutu ba.

Ki riƙa leƙa ta. Allah ya yi miki albarka.

Mordecai

Samaru, Zariya
Alhamis, 3 ga Yuli, ƙarfe bakwai na safe

Baba,

Ina gaisuwa, ina fata kana lafiya. Ni lafiya, sai gajiya. Gwaggo lafiya.

Baba, don Allah kada a ƙara layin nan. Na sake karanta kwafin takardar da na aiko maka, na ga na jera maka lambobi ban faɗi abin da suke nufi ba. A jami'a haka aka koya mana, a bar awo ya yi magana. To, bai yi ba.

Ga shi a fili. Dokin ƙofar yana hana ruwan titi shiga, gaskiya ne. Amma yana hana ruwan ciki fita. Duk abin da ya zubo daga rufin ɗakuna uku a tsakar gida yake sauka, rariyar baya kuwa a toshe take. Gidan ya zama kamar baho. In an yi ƙaramin ruwa ƙasa tana shanyewa. In an yi babba, irin wanda ake hasashe bana, ba inda zai je. Ƙara bulo ƙara wa bahon zurfi ne.

Na je wurin Celestine jiya da safe, yana ɗora bulo a wani shago kusa da PZ. Na yi masa bayani da zane a ƙasa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Madam injiniya, wanda ya ce in ɗora, shi zai ce in sauke. Ke a wa?" Na ce ni 'yar gidan ce. Ya ce, "'Yar gidan da ban taɓa gani a Kirsimeti ba?" Mako mai zuwa zai fara. Na kira wayarka sau huɗu, ba ka ɗauka ba, na san ba ka ji ba ne. Na roƙi Dele ya gaya maka da baki, ya ce shi kaya yake ɗauka, ba ya ɗaukar rigimar dangi.

Da rana kuma aka yi taron kwamiti da kansiloli. An kira ƙarfe goma, an fara ƙarfe ɗaya. Na nemi a sa kwashe lambatun layinku cikin aikin bana, don in lambatun ya buɗe titin zai daina cika, kowa ya daina ɗaga ƙofa. Malam Bernard ya ce bana shekarar rubuta shiri ce, baɗi ce shekarar aiki. Ba mugun mutum ba ne, shi ma ya gaji. Wani kansila ya ce, "Ai mutanen layin nan sun taimaki kansu, ga hoto. A fara da waɗanda ba su da ko bulo ɗaya." Na ɗaga hannu na ce daga titi aka ɗauki hoton. Ya ce, "'Yar nan, daga ina kike so a ɗauka, daga sama?" Aka yi dariya, aka shigo da lemo.

Akwai wani abu kuma da na sani, amma an ɗaure mini baki, ba ni da izinin rubuta shi. Ina roƙonka ka yarda da ni haka nan. Ka tsayar da Celestine, ka bar Gwaggo ta zo Samaru.

'Yarka,
Jemimah

Ibadan
Lahadi, 20 ga Yuli

Jemimah,

Ina lafiya. Takardarki ta yi mako biyu a Kontagora, injin motar Dele ya buga a can. Kafin ta iso Celestine ya gama. An ce ya yi kyau, fenti shuɗi.

Na karanta sau uku. Gidan da ubana ya gina da albashin reluwe, yana ɗauko ƙasa a ka bayan ya tashi daga aiki, shi ne baho. To, na gode. Shekara tara ruwa bai shiga ba, ke kin zo da tef wata huɗu kin gano aikin banza na yi.

Amma ba wannan ne ya hana ni barci ba. Kin ce akwai abin da aka ɗaure miki baki a kai. Ni ba yaro ba ne. Na ga yadda ake yi. Da farko a zo da tef. Sannan a ce wurin hanyar ruwa ne. Sannan a ce tsohuwa ta je wurin dangi wata ɗaya kawai. Kafin ta dawo an shafa jan fenti a bango, katafila ta wuce. Abokina Ugo haka ya rasa shagonsa, ya je ƙauye bikin 'yarsa ya dawo ya iske fili. Gidan da babu kowa a ciki shi ake fara rushewa.

Ban ce da mugun nufi kike yi ba. Yarinya ce ke, kina so a mayar da aikinki na dindindin, manya sun ce ki yi shiru kin yi. Amma Yaya ba za ta taka ƙafa daga gidan nan ba. Na aika mata haka ta bakin Dele. In kina son zumunci, ki je da hannu biyu ki gaishe ta, ki bar tef a ofis.

Mordecai

Samaru, Zariya
Talata, 5 ga Agusta, ƙarfe biyu na rana

Baba,

Ina gaisuwa. Gwaggo tana raye, ka fara sanin wannan. Tana tari, kuma tsakanin yatsun ƙafarta ya tsage, na kai mata magani daga kemis. Ni ban je ofis ba yau.

Babu zancen rusau. Ban taɓa jinsa a taro ba, ban gan shi a takarda ba. Kwamitin da bai iya kwashe lambatu ɗaya ba, ina zai samo katafila? Ba hukuma ce ta ɗaure mini baki ba, Gwaggo ce.

Ranar Asabar ruwa ya sauko wajen ƙarfe uku na rana, ya yi kusan awa biyu bai tsagaita ba. Iyke ya kira ni. Masu keke napep sun ƙi wuce Kwangila, sauran hanyar da ƙafa na yi ta. Da na isa, ruwan titi yana gudu kamar kogi, amma ko ɗigo bai haye dokin ba. Aikinka ya yi abin da ka gina shi ya yi. Na leƙa ciki. Ruwa a tsakar gida ya kai gwiwata, santimita arba'in da ɗaya da na auna a bango washegari, kuma masai ya cika ya haɗu da shi. Gwaggo tana kan teburin cin abinci, ta rungume rediyonta da farantin gyaɗa.

Iyke yana ciki da bokiti, yana ɗiba yana miƙo wa matarsa ta kan dokin.

Ya ce, "Mama, abeg, bari in ɗauke ki in fitar."

Ta ce, "Kai da ka toshe mini rariya? Fir'auna ne zai fitar da ni daga Masar?"

Ya ce, "Mama, ni ma nawa ruwan maƙwabci ne ya kore ni na cike. Ko na buɗe yanzu, filina ya fi ramin rariyar tsayi, ruwana zai shigo miki."

Gaskiya ya faɗa, na duba.

Na ce, "Gwaggo, ki bari a ɗauke ki."

Ta ce, "A ciccibe ni kamar buhun masara, layi duka na kallo? Gobe labari ya riga Dele isa Ibadan. Mordecai ya ce in zauna, ina zaune."

Mun yi ta kwasa har duhu ya fara. Mu bakwai har da maƙwabta, da bokiti biyar.

Yanzu ga abin da na yi alkawarin ɓoyewa. Na gaya mata zan rubuta. Ta ce Allah yana gani. Na ce na sani.

Baba, Gwaggo ba ta fita daga gidan nan ba tun makon Ista. Da tana kifa turmi daga ciki ta taka ta haye. Ran nan turmin ya goce, ta faɗi, ta daɗe a ƙasa kafin a ji ta. Tun ranar ba ta sake gwadawa ba. Ba a iya gina matakala daga ciki, don ƙyauren ciki yake buɗewa. Ta gaya wa coci gwiwa ce, fasto yana kawo mata Jibin Ubangiji, matan zumunta suna miƙo mata cefane ta kan dokin. Ba don ciniki take zama a bakin ƙofa da gyaɗa ba, titi take kallo. Wannan duka lokacin layi biyu ne. Yanzu uku ne.

Na tambaye ta me ya sa ba ta gaya maka ba. Ga abin da ta ce, kalma da kalma: "Yaron nan ba shi da mata, ba shi da ɗa a can. Bulon nan ne kaɗai abin da zai nuna ya ce na yi wa Yayata. In na ce masa ya kulle ni, me ya rage masa?"

Ba zan sake rubuta maka lamba ba. Na sa Iyke ya yanko guntun rodi daidai tsayin dokin daga ciki, na ba Dele tare da wannan takarda. Ka tsayar da shi a bakin ƙofarka. Ka tuna kuma saman ƙofar bai tashi ba, dole mutum ya sunkuya yana ɗaga ƙafa.

Agusta yanzu ya fara. Kalma ɗaya take jira daga gare ka, kuma ba za ta karɓa daga bakin kowa ba.

Jemimah

Ibadan
Lahadi, 17 ga Agusta

'Yata,

Rodin ya iso. Na tsayar da shi a ƙofar ɗakina, na ɗaura igiya daga gefe zuwa gefe daidai kansa. Na ɗaga ƙafa. Shekarata sittin da shida, gwiwata lafiya, ina hawa kan injin niƙa kullum. Wandona ya kama, na faɗi a kan bokitin wankin matar mai gida. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Na sake gwadawa, na riƙe bango da hannu biyu, sannan na wuce.

Ban kwance igiyar ba ranar. Na zauna daga ciki ina kallon waje ta samanta, ban je sujada ba.

Layi na biyu da na uku ban taɓa ganinsu da idona ba. Ni dai ina cewa a ƙara, ana cewa an ƙara.

Abin da na rubuta miki a kan aikinki, ki yafe mini.

Kada a fasa yanzu, ruwan titi zai shiga ya gama da ɗakunan. In damina ta ɗauke zan nemi hutu in zo, ni da ke da Iyke mu tsaya a tsakar gidan ki nuna mini da hannu. Ki gaya wa Malam Bernard ɗinku ya cire hoton nan, ko ya shiga ciki ya ɗauka.

Wannan na ƙasa ki karanta wa Yaya da ƙarfi, kada ki gyara ko kalma.

Yaya, ni ne Mordecai. Ki fita. Ki je wurin yarinyar nan. A fitar da ke da rana tsaka, kowa ya gani, kunyar tawa ce, ba taki ba. Duk wanda ya tambaya ki ce ƙanena ya gina mini kurkuku ya shafa masa shuɗi. Wata huɗu kina zaune kina aiko mini da gyaɗa, kina cewa komai lafiya. Ina ci.

Mordecai

Samaru, Zariya
Talata, 26 ga Agusta, ƙarfe biyar na yamma

Baba,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina lafiya. Gwaggo tana nan kusa da ni, tana ɓare gyaɗa a kan tabarmata. Tarin ya yi sauƙi, ƙafar tana bushewa. Ta ce a gaishe ka, a tambayi lafiyar bokitin.

Takardarka ta iso ranar Juma'a. Na karanta mata ɓangarenta. Sai ta ce in karanta mata saman ma. Da na zo wurin wando ta ce in maimaita. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Ta ce, "Ya tsallake?"

Na ce, "A karo na biyu, da hannu biyu a bango."

Ta ce, "Ni da turmi na yi shekara uku ina tsallakewa. Tun yana yaro ba shi da ƙafa. Ɗauko mini ɗankwalin zumunta, a guge shi."

Ita ta zaɓi ranar Lahadi da safe, lokacin da layi ya cika da masu tafiya coci. Iyke da Celestine suka ɗaga ta a kan kujerarta, ɗaya ciki ɗaya waje. Sai da aka karkata kujerar saboda saman ƙofar, ta ce wa Celestine, "Sannu magini, kan nawa ma layi uku za ka yi masa?" Ya ƙara sunkuyar da kujerar. Da aka sauke ta, ta tsaya a titi ta duba hagu da dama, ta ce titin ya yi girma bayanta. Na kawo keke napep don mu wuce Samaru, ta ce coci tukuna. Matan zumunta suka yi ta guɗa tun daga bakin ƙofar coci, fasto ya tsaya da wa'azi. Wata ta tambaye ta ko gwiwar ta warke. Ta ce da sauƙi. Zancen kurkuku ba ta faɗa wa kowa ba, kuma ta ce kai ma kada ka sake faɗa.

An yi wani babban ruwa jiya. Iyke ya ce tsakar gidan ta sake cika. Mun riga mun ɗora kayan a kan teburi, akwatin mahaifiyarku yana nan wurina.

Na kai wa Malam Bernard hoton da na ɗauka daga ciki kafin in aiko maka rodin nan, rodin a tsaye, Gwaggo a zaune. Ya daɗe yana kallo. Ya ce bangon littafin ya riga ya tafi wurin masu bugawa, amma zai nemi a sa nawa a ciki. Ya kuma yarda mu sake bin layukan Chikaji, wannan karon mu riƙa yin sallama muna shiga. Mun shiga gida goma sha ɗaya zuwa yau. A biyu mun iske tsofaffin da ba sa iya fita.

Ga abin da ban sani ba har yanzu, don kada ka taho da tunanin ina da amsa.

Ban sani ba ko za a kwashe lambatun baɗi, ko baɗin ma shekarar rubutu ce.

Ban san abin da za mu yi da dokin ba. In mun fasa shi, lambatun bai buɗe ba, ruwan titi zai shiga. In mun bar shi, Gwaggo ba ta da ƙofa. In mun cike tsakar gidan, ɗakunan sun koma rami.

Ban sani ba ko maƙwabta za su yarda su daina ɗagawa, don ba wanda yake so ya zama na farko.

Ban sani ba ko za a sabunta aikina bayan Satumba.

Ban san ranar da Gwaggo za ta koma gida ba. Tana tambayata kowace safiya, ta ce ɗakina akurki ne, 'yan matan gidan ba su iya gaisuwa ba.

Ɗakin nawa ba shi da doki, da daɓen waje daidai suke. Tun jiya tana miƙewa ta fita, ta tsaya a rana, ta dawo, ba ta ɗauko komai ba. Jim kaɗan ta sake fita. Na fara ƙirgawa, na bari. Ban san sau nawa ba.

'Yarka,
Jemimah